Ƙyandar da Suka Ɗaure a Turke

Tun da muka dawo ban huta ba. A makaranta malamai 'yan'uwana suna tsare ni duk lokacin hutun tara, a gidan suna a tsare ni, har mai markaɗen unguwarmu a Karaye sai da ya kashe inji ya tambaye ni wai da gaske ne ƙanƙara tana zubowa daga sama kamar audugar rimi. Kowa ƙanƙara, kowa dogayen gidaje. Rabin masu tambayar ma gulma ce ta kawo su, don an riga an baza a gari cewa mun kai Yaya Hanne Amurka Turawa sun ɗura mata cuta a ciki. To, na gaji da maimaitawa, ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kuma gaskiya ne, an ɗura mata cuta a ciki. Sai dai ku tsaya ku ji yadda aka yi kafin ku janye 'ya'yanku daga ƙofar ɗakinta.

Yaya Hanne yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, gidan Malam Idi mai makarantar allo. Ciwonta da kumburin ciki ya fara, ta yi loma biyu ta ce ta ƙoshi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe har ciki ya zama kamar na mai shirin haihuwa, sannan aka kai ta Kano. A can aka yi mata aiki, aka ce sankara ce ta ƙwan mahaifa, wato wurin da ƙwan haihuwa yake fitowa a jikin mace. Aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ciwo ya lafa, ya dawo, aka sake, ya sake dawowa. Duk wahalar nan da sunan "ƙari" aka sha ta, domin Malam Idi ya kafa doka kada wanda ya faɗa mata sunan ciwon, wai zuciyarta za ta karye. Mace da cikinta, da gashinta da yake zubewa a tafin hannunta, amma kowa a gidan ya san abin da yake damunta, har surukai, ban da ita. Na yi magana aka ce boko ne ya ɓata ni.

Ɗanta Kabiru yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin koyarwa a Amurka. Shi ya ji labarin ana gwada wani sabon magani a kan mata irin Yaya, waɗanda ƙarin ruwa ya daina yi musu aiki. Ya bi ya bi har aka yarda a duba ta. Shi ne ƙofa ta ƙarshe da ta rage mana, likitocin Kano ma ba su ɓoye mana ba. Ni kuma aka zaɓe ni rakiya don ina jin Turanci, kuma ɗa namiji ba ya zama a gaban likita ana maganar mahaifar uwarsa.

Ranar da za mu tashi Malam Idi ya kira ni zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Rakiya, amana na ba ki. Ki zama bakinta, ki zama kunnenta. Duk abin da zai tayar mata da hankali ki tace shi kafin ya isa gare ta."

Na ce, "Malam, ni malamar makaranta ce, ba rariya ba."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaga hannu ya shiga yi mana addu'ar tafiya.

Damina ce, hanya ta jiƙe. Ba mu yi nisa da gari ba motar ta kafe a taɓo, daidai gefen maƙabarta, sai da manoma suka ajiye fartanya suka zo turi. Duk tsawon turin nan Yaya tana kwance a kujerar baya ta juya fuskarta ɗaya gefen. Ni na san dalili, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, don in ba ku san wannan ba ba za ku gane sauran labarin ba.

Ɗan farin Yaya yana cikin maƙabartar nan. Sunansa Auwalu. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu, to ta Yaya ta wuce ta kowa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ni ina yarinya aka turo ni raino, saboda haka "yaron Rakiya" take ce masa. Yana fara tafiya, yana kama zanina yana bi na, ƙyanda ta shigo Ruwan Bago. Uwa da ɗa suka kwanta tare, don ita ma ba ta yi tana ƙarama ba. Ta tashi, bai tashi ba. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, tsofaffi suka yi ta yabon kararta. Ni na yi kukan, har aka ce in fita waje. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta haihuwa nawa, daga na biyu take fara ƙirga, da ta gama haihuwa ma biyar take cewa.

A gidana na Karaye muka yada zango, mata suka cika mu da guzuri kamar masu tafiya inda ba a girki: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, ƙuli-ƙuli. Yaya kuma ta ƙulle ɗanyar gyaɗar gonarta a leda don Kabiru, Malam ya haɗo mu da kwalbar rubutu. Maganar biza an riga an gama ta a Abuja tun kafin nan. Abin da ba zan manta ba a wurin, mutumin da yake bayan gilashi ya ce in tambaye ta me zai sa ta dawo gida in ta je. Yaya ta dube shi kamar ya tambaye ta ko ruwa yana jiƙa. Ta ce, "Awakina wa zai ba su dusa?" Yadda ta faɗa haka na juya masa, ban tace ba.

Jirgi kuwa, ban da abin faɗa da yawa. Yaya ta yi sallolinta a zaune, ta ƙi cin abincinsu sai burodi, ta ƙi shiga banɗakinsu don ta ji ƙarar da yake yi in an danna. Da muka sauka canjin jirgi a wata ƙasar Larabawa aka kawo mata keken marasa lafiya, ta ce ita ba gurguwa ba ce. Ta taka kaɗan numfashi ya gagara, ta zauna a kai ba wanda ya roƙe ta. A nan na fara jin tsoro sosai, don cikin ya fara tara ruwa kuma.

A bakin shiga Amurka ne raina ya fara ɓaci da su. Kare suka sako mana. Kare, da jela da komai, ya zo ya cusa hanci a jakar da sallayarmu take ciki, mai riƙe da shi yana yaba masa. Aka ja mu gefe aka zazzage kayanmu a kan tebur. Kilishi suka fara ɗaukewa, wai nama ba ya shiga. Gyaɗar Yaya ta bi, wai iri ce, za ta iya shigo da cutar gona. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya har ya bugi kujera, ya kira abokin aikinsa, su biyu suka tsaya a kanta suna shawara kamar sun tsinci bom. Na yi bayani har bakina ya bushe kafin suka mayar mana. Sai ya ɗago kwalbar rubutu ya ga baƙin ruwa, ya ce wannan fa? Na ce addu'a ce. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya dubi Yaya a kan keke, sai ya mayar da ita cikin jaka a hankali. Wannan ɗaya na yaba masa. Yaya dai gyaɗarta take jimami har muka fito, Kabiru ya durƙusa yana gaishe ta tana ba shi labarin gyaɗa.

Kabiru ɗaki ɗaya gare shi, shi ma da abokin zama, saboda haka aka sauke mu a wani gida kusa da asibiti da aka tanada don marasa lafiyar da suka zo daga nesa. Kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Ranar farko na ɗora mai zan soya albasa, wani abu a saman rufi ya ɗauki kururuwa, mutanen gida suka fito da gudu, wai hayaƙi ya ji. Hayaƙin da a Karaye ko ƙuda ba zai kora ba. Tuwo kuwa da garin masararsu na yi ta tuƙa shi, mai zaƙi-zaƙi, ba ya kama jikinsa. Ba don kuka da daddawa sun tsira a boda ba da Yaya ta rame fiye da yadda ciwo ya ramar da ita.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne babu dubiya. A ce gida cike da marasa lafiya, amma babu tabarma, babu takalma a ƙofa, babu mai shigowa da kwanon kunu. Maƙwabciyar ɗakinmu wata dattijuwa ce mai suna Karol, matar manomi, kanta a aske tas babu ɗankwali. Ita take tuƙo kanta da kanta daga ƙauyensu. Ranar da muka fara haɗuwa a kicin ta miƙo min hannu ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan ciwonta a jere, kamar mai faɗin garinsu. Irin na Yaya ne sak, kuma an riga an fara mata maganin da muka zo nema. Yaya ta ce, "Wannan baiwar Allah ba ta da dangi ne?" Na ce tana da 'ya'ya, suna wurin aiki. Ta ce, "Aikin ya ci uwarsu." Daga ranar duk tuwon da na tuƙa sai an ɗebar wa Karol, ita kuma tana ci da cokali mai yatsu tana hawayen yaji. Na zauna na auna. A gida mutum ashirin za su zauna maka a tabarma, ba mai faɗa maka gaskiya ko ɗaya. A can gaskiya har ta yi yawa, tabarmar ce babu. Har yau ban san wanne ya fi ba ni haushi ba.

Aka yi ta ɗibar jini da ɗaukar hoto, sannan aka sa mana ranar ganin babbar likitar. Doguwar mace ce, ko me za ta faɗa da murmushi take faɗa, har muka sa mata Mai Murmushi. Tana shigowa ta ce dokarsu ɗan'uwa ba ya yin tafinta a irin wannan zama, kuma ba mai sa hannu a madadin mara lafiya, sai ita da kanta ta ji komai ta yarda. Kabiru ya fara kame-kame, wai Inna ba ta saba ba, wai al'adarmu. Da ya ga ba ta sauya ba sai ya tuna ana nemansa a wurin aiki. Ni kuwa na gyara zama. Rariyar Malam Idi ta tashi daga aiki ba da laifina ba.

Aka danna waya a kan tebur, sai ga muryar mace tana Hausa, Hausar Damagaram, likita ma "lokotoro" take ce mata. Ta gaishe da Yaya yadda ya kamata, ina kwana, ina gajiya, ya jiki. Sannan ta ce, "Hajiya, lokotoro na tambaya, kin san ciwon da ke gare ki?"

Yaya ko gezau. Ta ce, "Sankara ce. Tun a Kano na sani, matar da ke gadon kusa da ni ta faɗa min tun ƙarin ruwan farko."

Na ce, "Yaya, kin sani? Shi ne kika bar mu muna ta raɗa a bayan ɗaki?"

Ta ce, "Na ga Malam yana ta wahalar ɓoyewa, na ce bari in taya shi."

Ban san dariya zan yi ko faɗa ba. Na ɗauka wuyar ta wuce ke nan. Ashe ba a fara ba.

Likitar ta tambayi haihuwa nawa, Yaya ta ce biyar. Sai ta shiga bayanin maganin. Ta ce ba ruwan magani ba ne irin na da, ƙwayar cuta ce mai rai. Sun ɗauko ta sun raunana ta, sun gyara halittarta a ɗakin gwaji ta yadda za ta fi son shiga cikin ƙwayoyin sankara, ta hayayyafa a ciki har ta fasa su, fashewar kuma ta tashi garkuwar jiki ta zo ta taya faɗa. Ba a jijiya ake sawa ba, don garkuwar da ke cikin jini za ta kashe ta kafin ta isa. Ta siririn bututu ake zuba ta kai tsaye cikin ciki, inda ciwon yake. Ta ce gwaji ne, ba ta yi alkawarin warkewa ba, wasu yana tsayar musu da ciwon, wasu ba ya yi musu komai. Duk Yaya tana gyaɗa kai. Sai mai tafinta ta ce, "Ƙwayar da suka gyara ɗin, ta ƙyanda ce, Hajiya. Baƙon dauro."

Kan Yaya ya tsaya.

Likitar ba ta lura ba, tana duba sakamakon jini. Ta ƙara faɗaɗa murmushin nan ta ce ga labari mai daɗi, ba sa zuba wa wanda jininsa bai san ƙyanda ba, don kada ta fi ƙarfinsa, amma jinin Yaya ya nuna ta taɓa yi, garkuwar tana nan da ƙarfinta. Ta ce ta yi sa'a. Mai tafinta, baiwar Allah, aikinta take yi, ta maimaita: "Lokotoro ta ce kin yi sa'a da kika yi ƙyanda."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Turancin da na yi a ɗakin nan ban taɓa yin irinsa a aji ba. Na ce sa'ar me? Kin san abin da ta biya? Kin tambaye ta wa ya kwanta tare da ita? Likitar ta yi sororo, murmushi ya gudu. Na san ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar sani tunda an ce mata biyar. Sanin hakan bai rage min komai ba a lokacin. Yaya kuwa mayafinta kawai ta gyara ta ce, "Rakiya, miƙo min takalmina. Mu tafi gida."

Gida take nufi, Ruwan Bago.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni a tafiyar. Ciki yana ƙara tashi, sai a kishingiɗe take iya barci, asibiti kuma sun ce ba za su riƙe mata gurbi har abada ba, akwai masu jira. Kabiru ya durƙusa ya roƙa, ta ce ya tashi kada gwiwarsa ta yi ciwo. Ya ja ni kicin ya ce, "Anti, wai me ya faru? Ƙyandar nan fa ba irin ta gari ba ce, a asibitinmu ake ajiye ta a firji." Yaro ya girma har ya yi gemu, abin da ya sani kawai an taɓa yi masa wa ya rasu. Ba wanda ya taɓa faɗa masa me ya kashe shi, ko sunansa sai da ya yi tunani kafin ya tuna. Na ba shi labari yana tsaye da kofi a hannu har shayin ya huce.

Ya kira babansa. Ina jin muryar Malam Idi daga inda nake: "Ai ga irinta nan. Na ce a tace, na ce a tace. Kai ka sa hannu mana, ba kai ne namiji a wurin ba?" Kabiru ya ce ba a karɓa. Malam ya ce a ba ta wayar. Suka gaisa har da tambayar awaki da ruwan sama, sannan ya yi ta magana, ita kuma "To, Malam," "To, Malam." Ta miƙo wayar ta koma ta kishingiɗa, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Abin da ya ƙona min rai, duk tsawon maganar nan ya kawo aya, ya kawo tawakkali, amma bai ambaci yaron ba. Ɗansa ne fa shi ma.

Karol ta gane akwai matsala ko da ba ta jin Hausa. Ta shigo ta ɗaga rigarta ta nuna wa Yaya inda bututun yake, ta yi alamar zazzaɓi da rawar sanyi, ta ɗaga kafaɗa wai shi ke nan. Yaya ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Sannu."

Wata safiya muna karyawa aka ƙwanƙwasa. Mai Murmushi ce, babu farar riga, babu murmushin. Kabiru ya ba ta labari, da alama kuma ya koya mata ladabi, don ta cire takalmi a ƙofa ta zauna a ƙasa, dogayen ƙafafun nan ta rasa inda za ta kai su. Ita ce dubiya ta farko da ta ƙarshe da muka samu a ƙasar. Ta ce ba ta zo lallashi ba, haƙuri ta zo bayarwa, kuma in Yaya ta ce gida za ta, za ta taimaka a zuƙe ruwan cikin don tafiyar ta yi sauƙi. Wannan karon ni na yi tafinta.

Yaya ta dube ta. Sai ta ce, "Tambaye ta, ita wannan ƙyandar tasu, a ina suka samo ta?"

Likitar ta ce daga ta rigakafi ce, allurar nan da ake yi wa yara. An raunana ta har ba ta iya kwantar da mutum, sai dai ta koya wa jikinsa faɗa. Ita suka ƙara gyarawa.

"Irin wadda ake yi a asibitin Rogo yanzu?"

Ta ce asalinsu ɗaya.

"Tun yaushe suka kama ta?"

Likitar ta dubi shekarun Yaya a fuskarta ta ce, tun kafin a haife ta, ko tana jaririya.

Na juya maganar, kuma sai da nake juyawa na haɗa lissafin da ni kaina ban taɓa haɗawa ba. Shekarar da na goya Auwalu zazzaɓinsa yana ƙona min baya, maganin yana duniya, ya tsufa ma. Bai dai ƙaraso ƙauyenmu ba.

Yaya ta ce, "Ashe tana ɗaure a turke a wurinku tun ban zo duniya ba. Mu aka bar wa sakakkiya."

Na faɗa wa likitar yadda aka faɗa. Ta sunkuyar da kai, ba ta kare kanta ba, kuma da ta gwada da ni da ita ne.

Yaya ta gyara zama da ƙyar ta ce, "Faɗa mata ba don na yafe ba ne. Ƙyanda ta ci min ɗana ban ce uffan ba. Tunda sun sa mata igiya, ta zo ta yi min noma."

Ɗana ta ce. Ba yaron Rakiya ba. Sai da likitar ta taɓa hannuna kafin na tuna ni ce tafinta.

Aka sake zama da mai Hausar Damagaram, Yaya ta maimaita musu bayanin da bakinta, ta dangwala a takardar yarda. Abin da aka yi duk wannan rigima a kansa ruwa ne fari a 'yar jaka, bai kai ledar ruwan sha girma ba. Aka zuba ta bututu, aka riƙa juya ta dama da hagu don ya zagaye cikin. Ta yi zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, ta tashi. Jiƙe-jiƙe an hana, rubutun Malam kuwa ta riƙa shafawa a gefen cikin, nesa da bututu. Haka aka yi ta maimaitawa wata-wata har sanyi ya shigo. Ƙanƙarar da kuke tambaya ta zuba, ta taga muka gan ta, na fita sau ɗaya na zame na faɗi a gaban mutane, shi ke nan labarinta.

Hoton ƙarshe ya nuna ciwon bai tafi ba, amma ya tsaya inda yake, ruwan ma ya daina taruwa. Likitar ta ce ba ta san iya lokacin da zai tsaya ba, kuma na gode mata da ba ta yi murmushi ba. Na Karol bai tsaya ba. Aka sallame ta kafin mu, ranar da za ta tafi Yaya ta cire ɗankwalinta mai kyau ta ɗaura mata, ta koya mata ɗaurin. Duk mai ce muku Turawa sun gano maganin sankara ku ce masa Rakiya ta ce ƙarya ne, nema suke yi, da jikin mata irin Yaya da Karol suke neman.

Da muka dawo Ruwan Bago gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Na lura masu goyo suna tsayawa daga nesa, wata har da jan hannun ɗanta, alhali an tabbatar mana tun kafin mu taso babu abin da za ta sa wa kowa. A cikinsu na ga waɗanda in masu rigakafi sun shigo gari suke tura yara bayan rumbu. Ƙyandar da aka ɗaure suke gudu, sakakkiyar kuma sun bar mata ƙofa a buɗe. Na buɗe baki zan yi magana Yaya ta harare ni, na haɗiye, shi ya sa na zo na rubuta.

Da la'asar wata tsohuwa, gwaggon Malam Idi, ta zauna kusa da Yaya tana sa albarka. Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki da carbinsa. Tsohuwar ta ce, "Hanne, kin haifu kin haifa. Allah Ya yi wa 'ya'yan nan naki biyar albarka."

Yaya ta ce, "Shida ne, Gwaggo. Akwai Auwalu."

Mata suka dubi juna. Tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Hanne, ɗan fari? Ina kunyar?"

"An ƙwace a boda, Gwaggo, tare da kilishi."

Ba wanda ya yi dariya. Na dubi Malam Idi, carbin ya tsaya a hannunsa. Na ɗauka faɗa zai yi, har na shirya amsa. Sai ya dubi ƙasa ya ce, da muryar da ban san yana da ita ba, "Allah Ya jiƙan Auwalu."

Yaya ta ce amin da ƙarfi, yadda har na bayan rumbu za su ji.